Ku daina cewa "ba aikina ba ne" a teburin wasa

'Yan'uwana masu wasan Dungeons & Dragons, wasan nan na tebur da kowa yake ɗaukar matsayin mutum ɗaya a cikin labari, musamman ƙannenmu da suka shigo ta ƙofar wasannin kwamfuta, akwai wata ɗabi'a da nake gani tana yawa a tsakaninmu, kuma ba na jin ya dace a yi shiru. Da zarar an ce za a fara sabon labari, kafin kowa ya buɗe baki sai ka ji wani ya fara rabon aiki: wane kai ne garkuwa, wane kai ne mai duka, saura mai warkarwa. Wannan na ƙarshen kuwa kullum a kan wanda ya zo a makare ko wanda ya fi kowa kunya yake faɗawa, kamar yadda ake tura ƙaramin yaro ya tsaya gola a ƙwallon unguwa. Daga nan kowa ya rungume takardarsa da aka rubuta gwanintar mutuminsa a kai. Idan aka ga ƙofa a kulle, kowa ya juya ya kalli wanda mutuminsa ɓarawo ne. Idan wani ya faɗi, a hau mai warkarwa da faɗa. Kuna yin haka ne don kun ɗauka dokar wasan ce ta ce a yi. Ku zo mu duba ko haka ne.

Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a shekarar 1974, aji uku kacal na mutanen da za ka iya zaɓa ke cikinsa: mayaƙi, mai sihiri, da firist. Babu ɓarawo. To waye yake neman tarko? Kowa da kowa. Ɗan wasa zai ce wa jagoran wasa, wato mai ba da labarin da yanke hukunci, "Na ɗauki sandata mai tsawon ƙafa 10 ina bubbuga ƙasa a gabana," ko "Na zuba ruwa a bakin ƙofar in ga ko zai gangara cikin wata tsaga." Jagora ya yi tunani ya faɗi abin da ya faru. Ba a tambayar ajin mutum kafin a bar shi ya yi dabara. Shi kansa firist ɗin da kuke kira akwatin magani, a mataki na farko ba shi da ikon warkar da kowa, sai ya hau mataki na biyu yake samun addu'arsa ta farko. Aikinsa na asali korar matattun da suka tashi ne, yana sanye da sulke, riƙe da kulki, a sahun gaba kusa da mayaƙi.

A 1975 ƙarin littafin da ake kira Greyhawk ya kawo ɓarawo, kuma a nan ne nake so ku natsu. An ba shi jerin gwanintoci da lissafinsu: buɗe kwaɗo, kwance tarko, tafiya ba motsi, ɓuya a inuwa, hawa bango. Abin ya yi kyau a takarda. Amma tun daga ranar da aka rubuta cewa ɓarawo ne gwanin tarko, sai sauran suka fara jin cewa su ba ruwansu. Abin dariyar shi ne gwanin ma bai iya ba. A littafin 'yan wasa na Advanced Dungeons & Dragons na 1978, ɓarawon da ke mataki na farko yana da kashi 25 cikin 100 na buɗe kwaɗo, kashi 20 na gano tarko ko kwance shi, kashi 10 na ɓuya a inuwa. Wato a jifar ɗan lido biyar na neman tarko, huɗu faɗuwa ce. Tawagar da ta naɗe hannu ta ce wannan aikin ɓarawo ne, rami za ta faɗa gaba ɗayanta. Waɗanda suka tsira a wancan zamanin su ne waɗanda ba su ajiye sandar nan ba.

Mai sihiri kuma a lokacin abin tausayi ne. Sihiri guda ɗaya yake da shi a rana, makin ransa daga 1 zuwa 4 kafin a ƙara masa na ƙarfin jiki, ba ya sa sulke. Idan ya harba gudan nan, shi ke nan, sai riƙe tocila da zana taswira da lallashin dodannin da ake iya magana da su. Kuma cikin waɗannan huɗun shi ne ya fi jinkirin girma da fari: yana buƙatar maki 2,500 kafin ya hau mataki na biyu, mayaƙi 2,000, firist 1,500, ɓarawo 1,250. An yi haka ne da gangan. Mai sihiri yana shan wahala da fari don ya zama abin tsoro daga baya, mayaƙi kuwa yana ɗauke da tawagar a kafaɗarsa tun farko, idan ya kai mataki na 9 ya gina ganuwarsa, dakaru su zo su yi masa mubaya'a. Yawancin makin ma daga zinariyar da aka fito da ita ake samunsa, kowace zinariya maki ɗaya, don haka wanda ya kewaye dodo ya kwashe taskar bai yi asara ba. Ku da kuke auna ɗan wasa da yawan dukan da yake yi a kowane zagaye, da a wancan teburin kuke, da kun rasa ma'aunin da za ku riƙe.

Bugu na biyu na 1989 ya tattara azuzuwan gida huɗu, mayaƙa da masu sihiri da firistoci da 'yan dabara, ya cire makashin haya daga babban littafin, ya kuma bar ɗan wasa ya raba makin ɓarawonsa yadda yake so. Gyara ne mai amfani, amma ginin bai sauya ba.

Sauyin gaske ya zo a 2000, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da yake buga wasan, a 1997. Bugu na uku ya sa kowa a ma'aunin girma ɗaya, ya buɗe ƙofar haɗa azuzuwa, ya ba kowa gwanintocin da zai zaɓa. Ɓarawo ya koma mai sara ta bayan fage, dukansa na ƙaruwa yayin da yake girma. A nan ne cutar lissafi ta kama mutane. Aka fara zama ana tsara mutum daga mataki na 1 zuwa na 20 tun kafin a san sunan garin da labarin zai fara. Aka kuma gano cewa idan aka yi nisa, mai sihiri yana buɗe kwaɗo da sihiri, ya ɓace da sihiri, ya tashi sama, ya kira halittar da za ta tsaya masa a gaba, har ɓarawo da mayaƙi su zama 'yan rakiya. Firist ma da aka ƙara masa ƙarfi don mutane su daina gudunsa, sai ya zama yana iya shafa wa kansa addu'o'i ya fi mayaƙi iya faɗa. Warkarwa kuwa ta koma hannun wata 'yar sandar sihiri da ake saya zinariya 750 mai ɗauke da warkarwa 50, ana gama faɗa a zagaya da ita. Duk da wannan buɗi, dokar ta ce tarko mai wuya ɓarawo ne yake iya gano shi. Ka ga ke nan an saki hannu ɗaya an ɗaure ɗaya.

Wannan rabon aikin da kuke yi kamar wahayi, a bugu na huɗu na 2008 ne aka rubuta shi baro-baro. Kowane aji aka liƙa masa matsayi cikin huɗu: mai tsaro, mai kai farmaki, jagoran tawaga, da mai sarrafa fage. Ni ba na cikin masu zagin wannan bugun, don ya yi wa mayaƙi da firist adalcin da ba a taɓa yi musu ba. Mayaƙi ya sami ikon sa wa abokin gaba alama, idan abokin gaban ya bar shi ya kai wa wani hari, a rage masa 2 a jifarsa kuma ya sha duka. Firist ya sami damar warkar da ɗan'uwansa ya kuma kai sara a zagaye ɗaya, ba sai ya zaɓi guda ba. An ƙirƙiro kwamandan yaƙi wanda yake tayar da wanda ya jigata da tsawa da ƙarfafa gwiwa, babu addu'a babu sihiri. Kowa kuma yana iya farfaɗo da kansa sau ɗaya a kowane faɗa. Ku lura da kyau: bugun da ya fi kowane tsaurara matsayi shi ne wanda ya fi ƙoƙarin kada mutum ɗaya ya zama bawan warkar da saura. Duk da haka mutane da yawa suka ce ya yi kama da wasannin intanet irin su World of Warcraft, wasu suka koma Pathfinder da kamfanin Paizo ya fitar a 2009 a kan tsarin bugu na uku.

Bugu na biyar na 2014, wanda yawancinmu muke bugawa, kuma wanda aka gina wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 a kansa, ya goge waɗancan sunayen matsayi daga littafin. Aji 12 ne, kowane da rassansa. Mawaƙi yana warkarwa, barde mai alwashi yana warkarwa, maharbin daji ma haka. Idan tawaga ta huta awa ɗaya, kowa yana jefa 'yan lidonsa ya maido da ƙarfinsa, idan aka kwana kuwa rai ya cika, alhali a dokar 1978 makin rai ɗaya ake samu a hutun yini guda. Mayaƙin da ya taso a matsayin ɗan titi yana iya riƙe kayan buɗe kwaɗo. Akwai firist na yaƙi, akwai na guguwa, akwai na yaudara. To da wace hujja za ka dubi ƙaninka da ya zaɓi firist na guguwa don yana son ya saukar da tsawa, ka ce masa ya koma baya ya jira ka ji ciwo? Kai da ka ruga cikin dodanni biyar ba shawara, shi ne zai biya bashin gangancinka da duk zagayensa?

Ba ina cewa a watsar da tsari ba ne. Tawagar da kowa a cikinta mai sihiri ne siriri za ta sha wuya, kuma yana da kyau a san wa zai tsaya a gaba. Abin da nake ƙi shi ne a yanke wa mutum aiki ba da yardarsa ba, sannan a mayar da takarda hujjar lalaci. Mai mayaƙi, idan an shiga fadar sarki ba a hana ka magana ba don makin iya bakinka ƙarami ne. Faɗi abin da mutuminka zai faɗa, jagora ya san yadda zai yi da shi. Mai sihiri, kada ka yi saurin buɗe ƙofar da sihiri alhali ga yaron da ya gina ɓarawonsa don wannan lokacin yana zaune yana jira. Kai kuma gwanin lissafi da ka haddace duk haɗin da ya fi ƙarfi, Allah ya ƙara basira, amma idan sabon shiga ya ce yana son maharbi mai kare, taimaka masa ya gina maharbi mai kare, kada ka karɓe masa takarda.

Ku jagorori ma akwai naku. Idan babu wanda yake son firist, kada ku tilasta. Ku sa mai sayar da ruwan magani a garin farko, ku bar tawagar ta sami wurin hutun awa ɗaya tsakanin faɗa da faɗa, ku rage tarkon da jifa ɗaya ce kawai take warware shi. Kuma kafin a jefa ɗan lido na farko, ku zauna zama guda wanda ba a wasa a cikinsa, a bi kowa ɗaya bayan ɗaya a tambaye shi abin da yake so ya yi a labarin, a fara da wanda ya fi kowa shiru.