Mu da ma'aikatan Google duk baƙi ne a gidan

Jama'a, na kwana biyu ina juya wata magana a raina game da Google, yau dai bari in sauke ta. Ina cikin masu ƙaunar kamfanin nan, ba na ɓoyewa. Har yanzu ina tuna ranar da wani abokina ya turo mini gayyatar buɗe Gmail, a lokacin da sai da gayyata ake shiga. Ranar 1 ga Afrilu, 2004 aka fito da shi, da wurin ajiya na gigabait 1, alhali Hotmail megabait 2 yake bayarwa, Yahoo kuma 4. Da yawa sun ɗauka zolaya ce irin ta farkon Afrilu. A wancan zamanin duk mai imel ya san zaman goge tsofaffin wasiƙu ɗaya bayan ɗaya domin sabuwa ta samu wurin shiga. Tun daga ranar da na buɗe Gmail ban sake wannan zaman ba. Saboda haka abin da zan faɗa maganar masoyi ce da abin ke yi masa ciwo.

Larry Page da Sergey Brin ɗalibai ne a Jami'ar Stanford lokacin da suka zo da dabararsu: shafin da shafuka masu daraja suka fi yin nuni da shi, shi ya cancanci zuwa sama. Kamar dai yadda ake gane girman malami da yawan malaman da ke kafa hujja da shi. Suka kafa kamfanin a Satumbar 1998, a wani gareji a Menlo Park, jihar Kalifoniya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wannan shekarar su biyun sun rubuta a takardar bincikensu cewa duk injin binciken da ke rayuwa da kuɗin talla zai karkata ga masu tallan, ya bar buƙatar mai nema. Da hannunsu suka rubuta. Shekara biyu kacal bayan haka, a Oktobar 2000, suka fito da AdWords, tsarin sayar da talla a shafin sakamakon bincike. Yau kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar Alphabet, uwar kamfanin Google, daga talla yake. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Askin ba a rana ɗaya aka yi shi ba. A da, talla yana da launinsa daban a bayansa, ko da gefen ido ka gane shi. Sannu a hankali aka cire launin, aka bar ɗan tambari rawaya, ya koma kore, ya koma baƙi ƙanƙane mai kama da sauran rubutu. Ɗauki wayarka yanzu ka nemi otal ko tikitin jirgi, ka ƙirga sau nawa yatsanka zai ja shafin kafin ka iso amsar farko da ba wanda ya biya kuɗinta.

To amma inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne cikin gidan. In ana labarin aiki a Google, mutane abinci kyauta suke ambata, da kekuna masu launi, da motocin da ke kwaso ma'aikata zuwa hedkwatar kamfanin a Mountain View. Waɗannan ba su taɓa burge ni sosai ba. Abu biyu ne suka burge ni. Ɗaya, an yarda injiniya ya ware kwana guda a mako ya yi aikin da ransa ke so. Krishna Bharat, bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ya gaji da tsalle daga jarida zuwa jarida, ya haɗa wa kansa abin da zai tattara labaran wuri ɗaya, kuma shi ne ya zama Google News a 2002. Na biyun, wanda ya fi girma a wurina, taron ƙarshen mako ne. Page da Brin su hau dandamali, ma'aikata su jera tambayoyi, a kaɗa wa tambayoyin ƙuri'a, wadda ta fi samun goyon baya a karanta ta a gaban kowa ko da mai zafi ce. Yaron da aka ɗauka jiya yana iya tsayar da mai kamfani ya ce masa me ya sa. Ni na yi imani wannan ne ya sa kayansu na farko suka yi kyau. Inda na ƙasa ke iya cewa wannan ba daidai ba ne a saurare shi, kuskure ba ya daɗewa. Ga kuma takensu, "kada ka yi mugunta", wanda suka saka har cikin wasiƙarsu ga masu sayen hannun jari a 2004. A 2010 ma sun janye injin bincikensu daga babban yankin Sin saboda tace bayanai, duk da girman kasuwar.

Shekarar 2018 ita ce ƙololuwar wannan murya. Dubban ma'aikata suka sa hannu cewa ba su yarda da Project Maven ba, kwangilar taimaka wa ma'aikatar tsaron Amurka tantance hotunan jirage marasa matuƙa. Kamfanin ya ce ba zai sabunta ta ba, ya kuma yi alkawari a rubuce cewa ba zai ƙera ƙirƙirarriyar basira domin makamai ba. Ranar 1 ga Nuwamba, kimanin ma'aikata 20,000 suka ajiye aiki suka fito daga ofisoshi a faɗin duniya, bayan jaridar New York Times ta ruwaito cewa an sallami Andy Rubin, uban Android, da dala miliyan 90 duk da zargin lalata da aka yi masa, zargin da ya musanta. Na kalli hotunan ranar, mata da maza riƙe da kwalaye a bakin ofis, na ce lallai wannan gida ya tara mutane.

Daga nan ƙofar ta fara rufuwa. A shekarar ne aka ɗauke taken nan daga gabatarwar ƙa'idojin ma'aikata aka bar shi a layin ƙarshe. Nuwambar 2019, Sundar Pichai, shugaban Google, ya mayar da taron mako zuwa na wata, kuma aka taƙaita shi ga harkar kasuwanci da kayayyaki. Disambar shekarar Page da Brin suka sauka daga muƙamansu. Disambar 2020 aka rabu da Timnit Gebru, masaniya haifaffiyar Habasha, kan wata takarda da ta yi gargaɗi game da haɗarin manyan manhajojin harshe, wato ƙirƙirarriyar basira mai rubutu kamar mutum. Ita ta ce korarta aka yi, kamfanin ya ce murabus ta yi. Sai 20 ga Janairu, 2023, aka sallami mutum 12,000 a tashi ɗaya, bayan shekarar da Alphabet ya ci ribar kusan dala biliyan 60. Wasu cikin dare saƙon ya shiga akwatinsu. Wasu ba su ma gani ba sai da suka zo bakin ƙofa da safe, suka kara katinsu, fitila ta nuna ja. Ka yi tunanin mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana bin ƙofar nan. A Afrilun 2024 aka kori 28 saboda zaman dirshan da suka yi kan Project Nimbus, kwangilar dala biliyan 1.2 da Google da Amazon suka ƙulla da gwamnatin Isra'ila. A Fabrairun 2025 kuma aka goge alkawarin nan na makamai daga ƙa'idojin kamfanin.

Na daɗe ina tambayar kaina yadda aka yi duk wannan ya rushe cikin sauƙi haka. Amsar da na samu ita ce, tun farko alfarma ce aka yi wa ma'aikatan, babu inda aka rubuta ta a matsayin haƙƙi. Tun 2004 aka tsara hannun jarin yadda na masu gida ke da ƙuri'a goma, na sauran jama'a ɗaya, kuma har yau Page da Brin ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'u. Mai gida ya ga dama ya shimfiɗa tabarma, ranar da ya ga dama ya naɗe.

Mu masu amfani da kayan ma a kan tabarmar muke. Google Reader, manhajar tattara sababbin rubuce-rubucen shafuka wuri ɗaya, wanda marubuta da 'yan jarida suka gina karatunsu na kullum a kai, an rufe shi ranar 1 ga Yuli, 2013. Google+, dandalin sada zumuntar da aka yi ta tura wa mutane tun 2011 an binne shi a 2019. Inbox na karanta imel ya bi shi, Stadia na wasannin bidiyo ya tafi a Janairun 2023, Google Podcasts a 2024. Manhajojin hira kuwa, daga Talk zuwa Hangouts zuwa Allo, sai wanda ya ƙirga.

Na san wani zai ce ai kamfani ne, ba ƙungiyar agaji ba. Gaskiya ne, kuma ba zan ci amanar alheri ba. Google Maps ya hana miliyoyin mutane ɓata. Tun Disambar 2013 Hausa ta shiga Google Translate. Demis Hassabis da John Jumper na Google DeepMind sun samu kyautar Nobel ta 2024 kan gano siffar sinadaran furotin. Fasahar da ChatGPT kansa ya ginu a kai, masu binciken Google su takwas ne suka fito da ita a 2017, kuma dukkansu sun bar kamfanin daga baya. Wannan ma abin a tsaya a kai ne. Da ChatGPT ya fito a Nuwambar 2022 sai gaggawa ta kama gidan: Bard, kishiyar ChatGPT da Google ya fito da shi, ya yi kuskure kan na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb a tallansa na farko, darajar kamfanin ta faɗi da kusan dala biliyan 100 a yini guda. A Mayun 2024 amsoshin ƙirƙirarriyar basira da ke fitowa a saman binciken Google suka shawarci mutane su zuba gam a fiza. Ba na shakka akwai injiniyoyin da suka hango hakan. Wa zai ɗaga hannu a gidan da ya ga abin da ya samu masu ɗaga hannu?

Hujjar "in ba ka so ka tafi wani wuri" ma ta yi rauni. Kusan kashi 90 cikin 100 na binciken intanet a duniya a hannun Google yake. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta a Washington ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa doka ba, bayan an nuna wa kotu cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 ga irinsu Apple da Samsung domin ya zama shi ne ke buɗewa kai tsaye a wayoyi da manhajojin shiga intanet.

Ni dai ban rufe Gmail ɗina ba, kuma ba na jin zan rufe. Amma makon jiya na shiga Google Takeout na nemi kwafin komai nawa, wasiƙu da hotuna da lambobin waya. Da fayil ɗin ya sauka na buɗe, na gangara can ƙasa, na tarar da wasiƙar maraba ta ranar da na buɗe akwatin tana nan. Na karanta ta sau biyu, sannan na kwafe komai a faifan ajiya na saka a aljihun tebur.