Mun mayar da soro shago, yanzu muna korar masu kwana a bakinsa

A cikin birnin Kano da Fagge kowa kukansa ɗaya: unguwa ta lalace. Dattawa na cewa filaza ta cinye gidaje, lungun da ake zaman hira bayan Isha'i ya koma wurin sauke dila. Matasan 'yan kasuwa na cewa ba tarihi za su ci ba, hayar shago ɗaya kusa da Kantin Kwari tana riƙe gida guda. Ba sa jituwa a komai sai a kan mutanen da ke kwana a barandar shaguna. Nan baki ya zo ɗaya: a kore su, suna ɓata unguwa.

Wannan maganar tana min ciwo. Su wa ake nufi? 'Yan dako, 'yan ci-rani, masu tura kura, almajirai, da tsofaffin da ba su da kowa. Irin waɗannan mutane ba yau suka fara zuwa Kano ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa Kasuwar Kurmi garin nan na baƙi ne, Fagge kanta asalinta masaukin fatake ce. Kuma kakanninmu sun tanadar musu wuri: soro. A soro malam ke karantarwa, a nan almajirai ke shimfiɗa tabarma, a nan baƙon da dare ya yi wa ke kwana, da safe a miƙo masa koko daga cikin gida. Maigida ya san sunansa, ya san garinsu, in ya yi ba daidai ba mai unguwa ya san wanda zai tambaya.

Mu muka fasa soron nan muka sa masa ƙofar ƙarfe. Maigida ya rasu, magada goma sha, gida ba ya rabuwa, sai a sayar wa mai kuɗi ya rushe ya ɗora bene hawa uku. Ban ga laifin marayan da ya karɓi kasonsa ba, yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. Amma wanda ya tattara ya koma Nasarawa ko wani rukunin gidaje mai maigadi, sannan ya dawo ranar Juma'a yana cewa talakawa sun ƙazantar da unguwar kakansa, to gaskiya ya ji tsoron Allah.

Wasu suna ɗora laifin a kan manyan kantuna na zamani. Ban yarda ba. Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 a titin Zoo yake, bai taɓa lungun kowa ba, Shoprite ma ta rufe reshenta da ke cikinsa a Janairun 2024, amma Kurmi na nan tana ci. Abin da ke kashe unguwa shi ne filazar da ake cusawa tsakiyar gidajen mutane, shago arba'in babu banɗaki ko ɗaya, babu wurin ajiye mota. Ita ke jawo ɗan dako da asuba, ta yi amfani da ƙarfinsa, da magariba a garƙame ta a bar shi a waje.

Na san tsoron ƙwacen waya da 'yan daba gaskiya ne, ba na raina shi. Amma wanda ya wuni da dila a ka barci yake nema. An hana bara a 2020, an yi rusau a Filin Idi a 2023, duk ba su amsa inda wannan bawan Allah zai sa haƙarƙarinsa ba.

Abin da nake roƙo shi ne kada hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ta ƙara sa hannu a takardar filaza a cikin unguwa sai da banɗaki da ɗakin kwanan ma'aikata. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Singa su kama gidaje su mayar makwancin 'yan dako, mai unguwa ya riƙe sunayensu. Masu sauran soro kuma, don Allah ku dakata da kiran magini.