Na'urar Gashin Cutar Daji Ta Iso Katsina, Saura Masu Riƙe Ta

A watan Yulin 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sabbin cibiyoyin kula da masu cutar daji guda 3, ɗaya a Enugu, ɗaya a Benin, ɗaya kuma a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Duk wanda ya san yadda iyali ke sayar da gona ko dabbobi don a kai majinyaci Zariya, Sakkwato ko Abuja a yi masa gashi, wato a kashe ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi, ya san wannan ba ƙaramin labari ba ne. Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne na'urar da ake yin gashin da ita a irin waɗannan cibiyoyi, wadda likitoci ke kira linak. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa tsatsonta ɗaya da katafaren injin nan da ke ƙarƙashin ƙasa kusa da birnin Geneva, kuma ina ganin rashin sanin wannan dangantaka zai iya sa mu riƙe ta riƙon janareta, alhali abin da take buƙata ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Duk abin da ido ke gani an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, a cikin kowace ƙwaya kuma akwai waɗanda suka fi ta ƙanƙanta, irin su furoton da ilektiron, masu ɗauke da cajin lantarki. Abin da ke da caji ana iya ingiza shi da ƙarfin lantarki, ana kuma iya lanƙwasa hanyarsa da maganaɗisu, a kan waɗannan ka'idoji biyu aka gina kowace na'urar cilla ƙwayoyin zarra. Wanda ya taɓa korar tsuntsaye daga gonar gero da majajjawa ya riga ya fahimci rabin maganar: igiya ce ke riƙe dutsen a kan da'ira, hannu kuma na ƙara masa gudu a kowane zagaye har lokacin sakinsa ya yi. A cikin injin, maganaɗisu ne igiyar, lantarki mai juyawa a daidai lokacin da ya dace shi ne hannun. Ernest Lawrence na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ƙera irin wannan na'ura mai zagaye a farkon shekarun 1930, ta farkon kuwa ba ta wuce tafin hannu ba, ya kuma sami kyautar Nobel a kanta a 1939.

Daga wannan tafin hannu aka kai ga wancan injin na kusa da Geneva, mallakin CERN, cibiyar binciken fizik da ƙasashen Turai suka kafa a 1954. Ramin da injin ke ciki da'ira ce mai tsawon kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan. Manyan maganaɗisai 1,232, kowanne mai tsawon mita 15, su ke lanƙwasa hanyar furoton, kuma sai an sanyaya su da ruwan hiliyom zuwa digiri 271 ƙasa da sifili kafin su yi aiki. Furoton na zagaye wannan da'ira fiye da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya, sannan a gwara shi da ɗan'uwansa da ke tahowa ta ɗaya ɓangaren, a duba abin da ya tarwatse. Ta haka aka gano ƙwayar Higgs, wadda ke bayyana yadda ƙananan ƙwayoyi ke samun nauyinsu, aka sanar a ranar 4 ga Yulin 2012. Akwai kuma wani abu a tarihin injin da ya shafe mu kai tsaye: kwanaki kaɗan bayan kunna shi a Satumban 2008, haɗin waya guda ɗaya da bai yi kyau ba ya lalata maganaɗisai da dama, aka shafe fiye da shekara ana gyara. Wannan ya faru ne a wurin da ƙwararrun duniya suka taru, inda ba a ɗauke wuta.

Na sha jin masu cewa irin wannan bincike almubazzaranci ne na waɗanda suka ƙoshi, kuma mai fama da tsadar taki da matsalar tsaro ba shi da lokacin tunanin ƙwayar Higgs. Ban raina wannan magana ba, ba kuma ina kira da a haƙa rami tsakanin Katsina da Daura ba ne. Sai dai na'urorin cilla ƙwayoyin zarra da ke aiki a duniya sun haura 30,000, kuma ƙalilan ne daga cikinsu ke hannun masu binciken asalin halitta. Mafi yawansu suna asibitoci da masana'antu, ana gashin cutar daji da su, ana kashe ƙwayoyin cuta a kayan aikin likita, ana ƙera ƙananan sassan da ke cikin wayar hannu. Ita linak ta asibiti ta samo asali ne daga haɗuwar binciken masana fizik da fasahar rada, mai hango jiragen sama daga nesa, ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an fara yi wa majinyaci gashi da ita a Asibitin Hammersmith na Landan a 1953. Abin da wancan zamani ya ɗauka wasan masana, shi ne yau ake yi wa layi.

A cikin linak, ana fitar da ilektiron daga wani ƙarfe mai zafi zuwa cikin bututun tagulla da aka zuƙe iskar cikinsa sarai, sai igiyoyin rediyo masu tsananin ƙarfi su ɗauke shi a miƙe, su kai shi kusa da gudun haske a tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ko biyu ba. Daga nan ya daki wani ƙarfe mai tauri, dukan ya haifar da hasken eksire mai ƙarfin da ya ninka na hoton ƙashi sau da yawa. Wasu siraran faranta na ƙarfe masu motsi su ke daidaita hasken ya ɗauki siffar ƙarin da ke jikin majinyaci, kan na'urar kuma na juyawa kewaye da shi, ta yadda ƙarin zai sha hasken ta ko'ina, lafiyayyen nama kuma ya sha kaɗan. Majinyaci ba ya jin komai a lokacin. Kimanin rabin masu cutar daji suna buƙatar wannan magani a wani mataki na jinyarsu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da abokin gaba a Katsina. Na'urar na son lantarki mai tsayuwa daram, wanda ba ya hawa ba ya sauka, mu kuwa ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a cikin duhu. Tana fitar da zafi mai yawa, sai da ruwan sanyi mai zagayawa a cikinta ba dare ba rana, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina illa ce ga faranta masu motsi da allunan lantarki. Idan famfon da ke tsare bututun daga iska ya daɗe a kashe, dawo da shi aiki ne na kwanaki. Masana sun san da wannan matsala, shi ya sa tun a 2016 aka fara taruka a CERN kan yadda za a ƙera linak mai jure yanayi irin namu, amma wadda ke hannunmu yau an tsara ta ne don asibitocin da ba su san ɗauke wuta ba.

Tsayuwar na'urar ba jinkiri ba ce kawai. Gashi ana yin sa ne kaɗan-kaɗan, kwana 5 a mako, har tsawon makonni, kuma idan aka katse a tsakiya ƙwayoyin cutar da suka rage sukan sami damar hayayyafa. Ga sankarar bakin mahaifa, wadda ita da ta mama suka fi addabar matan Najeriya, likitoci na son a kammala komai cikin makonni 8. Matar da aka kawo daga Mai'aduwa ko Jibiya, ko ma daga Maraɗi, wadda Katsina ta fi mata kusa da Yamai, idan aka ce ta koma gida ta jira a kawo kayan gyara daga waje, kuɗinta sun tafi, damarta ta warkewa kuma ta ragu. Tarihin gashi a asibitocin ƙasar nan cike yake da irin wannan jira.

Akwai masu ganin da an tsaya kan tsohuwar na'urar kobalt, wadda haskenta ke fitowa daga wani ƙarfe mai tururin nukiliya, ba ta cin wuta sosai, ba ta kuma yawan lalacewa. Hujjarsu na da ƙarfi, amma ban bi su ba. Ƙarfin kobalt na raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, dole a riƙa sauya shi daga ƙasar waje, ba a kuma iya kashe shi, don haka tsaronsa nauyi ne na dindindin a yankin da ke fama da 'yan bindiga. Linak kuwa da an kashe ta hasken ya tsaya, kuma ta fi iya kauce wa lafiyayyen nama. Zaɓenta daidai ne, matuƙar an yarda a biya farashin riƙonta.

Babban kaso na wannan farashi mutane ne. Kafin a kwantar da majinyaci na farko kowace safiya sai an auna hasken da na'urar ke fitarwa, domin kuskuren da ya wuce kashi 5 cikin 100 na iya sa ko dai cutar ta tsira ko lafiyayyen nama ya illata. Wannan aikin masanin fizik na asibiti ne, ga kuma injiniyan da ya san cikin na'urar, ga ma'aikatan da ke sarrafa ta. Irin waɗannan ƙwararru ba su da yawa a Najeriya, kuma ƙasashen waje na zawarcinsu. A jihar nan muna da sashen fizik a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, muna da masu koyon injiniyan lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, yawancinsu kuma suna kammalawa ne suna tunanin ba inda karatunsu zai kai su sai allo da alli. Ga shi na'urar da suka karanta a littafi ta zo garinsu. Ya kamata a ƙulla yarjejeniya tsakanin makarantun da asibitin, ɗalibai su riƙa shiga suna gani, gwamnatin jiha kuma ta ɗauki nauyin waɗanda suka fi hazaƙa zuwa ƙarin karatu bisa sharaɗin su dawo su yi aiki na wasu shekaru, da albashin da zai hana su waiwaye. Ba sai an fara da Turai ba: Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife na da na'urar cilla ƙwayoyin zarra ta bincike, Zariya kuma na da cibiyar binciken makamashi mai ƙaramin injin nukiliya tun 2004.

Batun wuta ma yana da mafita da aka gwada. Cibiyar SESAME da ke ƙasar Jodan, mai na'urar cilla ƙwayoyin zarra ta bincike, wadda aka buɗe a 2017, ta koma dogaro da hasken rana gaba ɗaya a 2019, kuma injinta ya fi linak ta asibiti girma da cin wuta ninkin ba ninkin. Rana ba ta fi yawa a Jodan ba har ta kai a ce Katsina ta kasa. Abin da ake buƙata shi ne gonar sola da batura da aka keɓe wa cibiyar ita kaɗai, da kwantiragin gyara na shekaru da yawa wanda aka biya tun kafin wani abu ya lalace, da ajiyar kayan da suka fi saurin mutuwa a nan cikin gari. Zan kuma so a riƙa wallafa wa jama'a, duk bayan wata 3, yawan kwanakin da na'urar ta yi aiki da yawan majinyatan da suka kammala gashinsu ba tare da katsewa ba, 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya su riƙa tambayar waɗannan alƙaluma a duk lokacin da ake kare kasafin kuɗin lafiya.