Jan layin ba laifin VS Code ba ne

Akwai wani a cikinmu, ba sai na kama suna ba, da duk inda masu rubuta manhaja suka taru sai ya ɗaga murya yana kushe VS Code, editan da ake rubuta manhaja a cikinsa, wai yana ja masa jan layi a ƙarƙashin import, layin da ke kiran laburare (kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta) a harshen Python, alhali ya girka laburaren. E, ya girka. Amma a ina? A Python ɗin da kwamfutar ta zo da shi ya zuba, editan kuma yana duban wani Python daban. Da zai danna Ctrl+Shift+P ya zaɓi Python: Select Interpreter, ya nuna masa .venv ɗin aikin, wato keɓaɓɓen wurin da aiki ke ajiye nasa Python da laburarensa, da an wuce wurin. Matsalar ita ce aikin nasa ba shi da .venv ɗin ma kwata-kwata.

Tun Python 3.3, a 2012, venv, abin da ke ƙirƙirar wannan keɓaɓɓen wurin, ke zuwa tare da harshen. Layi ɗaya ne kacal: python -m venv .venv. Amma gwanin namu har yau tukunya ɗaya yake dafa wa kowane aiki, tsoho da sabo. Shi ya sa da laburaren lissafi NumPy 2.0 ya fito a 2024, sabuntawa guda ta durƙusar masa da ayyukan da ba su da alaƙa da juna. Haka da Python 3.12 ya cire distutils, tsohon kayan haɗa manhaja da ke zuwa tare da harshen, sai ya ce ai masu harshen ne ba su san abin da suke yi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaran da yake koyarwa. Debian 12 da Ubuntu 23.04, waɗanda nau'o'in Linux ne, sun toshe pip, abin da ake girka laburare da shi, daga taɓa Python ɗin tsarin da gangan, domin kayan aikin kwamfutar kanta a kansa suka dogara. Shi kuwa sai ya ce musu su ƙara --break-system-packages su wuce. Sunan abin ma yana faɗa maka ɓarna zai yi! Yaro ya lalata kwamfutarsa, ya koma gefe yana zaton shi ne bai da kai.

Sannan ya turo aiki ba requirements.txt, fayil ɗin da ke jera laburaren da aikin ke bukata, ba ko layi ɗaya da ke cewa ga sigar Python ɗin da ake bukata. Ka tambaya, ya ce a wajensa dai yana tafiya. To mu ba kwamfutarka za mu miƙa wa mai aikin ba, malam. Turo fayil ɗin, muna jira.