Kada a bar sabuwar nas ita kaɗai a teburin karɓar masu naƙuda

A asibitocinmu da yawa, idan yarinya ta gama makarantar jinya aka turo ta sashen haihuwa, teburin bakin ƙofa ake fara ajiye ta. Wai nan ne aiki mai sauƙi: karɓi kati, rubuta suna, auna jini, ki ce a jira. Manya suna ciki suna karɓar haihuwa. Ni dai ban yarda da wannan tsarin ba, kuma na daɗe ina son in faɗa a fili.

A teburin nan ake yanke wa za ta fara shiga, wa za ta jira. Benci ya cika, gado ɗaya ya rage. Wadda ke kururuwa tana dafe ƙugu, dangi sun tare ƙofa suna "Sista, don Allah ki taimaka", ita ido yake fara kaiwa gare ta, alhali sau da yawa naƙudarta lafiya lau take tafiya. Wadda ya kamata gabanki ya faɗi a kanta tana can ƙarshen benci: 'yar cikin fari, ta ja hijabi ta sunkuyar da kai, ba za ta ce uffan ba don surukarta na gefe. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya zana mata shaida, fuskar ma ta tasa. Sai kin durƙusa kusa da ita kin yi ƙasa da murya kafin ta gaya miki tun jiya kanta ke sarawa, tana gani dishi-dishi, saman cikinta na ciwo. Idan aka auna jininta ya kai 160 bisa 110, wannan ba 'yar jira ba ce. Jijjiga na iya kama ta a kan bencin nan, kuma allurar magnesium sulphate mai hana jijjiga da maganin saukar da hawan jini take buƙata yanzu, ba bayan an gama da masu ihu ba.

Lambobin nan duk an koyar da su a makaranta. Kowace ɗaliba ta haddace cewa daga 140 bisa 90 hawan jini ne, bugun zuciyar jariri tsakanin 110 da 160 yake a minti ɗaya. Abin da aji ba ya bayarwa shi ne ido. Mai ciki jininta ƙaruwa yake yi, don haka tana iya zubar da mai yawa kafin awon jininta ya sauka. Tsohuwar ma'aikaciya tafin hannu take fara taɓawa ta ji ko ya yi sanyi, ta ja fatar ido ta duba, ta lura bugun zuciyar matar ya yi sauri, ta tambayi mai rakiya zani nawa aka canja a hanya. Ta san wadda ta zo da jini ciki ya tsufa ba a sa mata hannu ta ƙasa don dubawa sai an tabbatar inda mabiyiya take. Ta san cikin da ya yi tauri kamar katako, ga ciwo ba sassauci, na gaggawa ne ko da jinin da ya fito kaɗan ne. Wannan sanin a tsaye kusa da wadda ta iya ake samunsa.

Kuma ku tuna su wa ke zuwar mana. Da yawa ba su da katin awo. Wata ta kwana biyu tana fama a gida, an sha jiƙe-jiƙe, an jira maigida ya dawo, sannan aka sako ta a adaidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Jinkirin gida da na hanya ba a hannunmu suke ba. Na cikin asibiti namu ne.

A Birmingham ta Ingila sun tsara cewa duk mai cikin da ta zo a duba ta cikin minti 15, a sa ta a ɗaya daga launi huɗu gwargwadon gaggawarta. Mu ma nan mun ga amfanin tsari: binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, ya nuna idan aka daina ƙiyasin jini da ido aka shimfiɗa leda mai ma'auni, aka haɗa magunguna lokaci guda, mummunar zubar jini bayan haihuwa da abin da take jawowa na raguwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. To me zai hana a manna wa sabuwar nas takarda a bango, da alamomin da in ta gani ta kira nan take?

Yayyena matiron da manyan sistoci, maganar ta fi shafarku. Na san hannu ya yi kaɗan, na san da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, na san mutum biyu ke riƙe dare. Amma yarinyar da ta tashe ki ƙarfe biyu kika ce mata "ke ba ki san aikinki ba ne?", gobe ba za ta kira ba, za ta zauna tana addu'a jinin ya tsaya da kansa. Gara ta kira ki a banza sau goma.

Ku kuma ƙannena, in za ki kira, ki faɗi watannin cikin, awon jininta, da abin da kike tsoro, a taƙaice. Wadda kika ce ta jira ki koma ki sake duba ta. Kada ki sallami kowa ba ki saurari zuciyar jariri ba. Maigidan da ke tsaye a waje ki ce masa, "Malam, a fara neman masu ba da jini," tun kafin a buƙata.

Abin da nake roƙo a wajen masu tsara jadawalin aiki bai fi ƙarfinsu ba: watannin farko a haɗa sabuwa da tsohuwa a teburin, musamman aikin dare, a tabbatar abin awon jini na da batir, akwai tsinken gwajin fitsari, kuma lambar likitan da aka rubuta a bango ana ɗauka.