Ga Samarin Katsina Masu Ɗaura Wa Mota Waidban da Gwangwanin Tare Mai

Assalamu alaikum, ƙannena masu son mota.

Yanzu idan mutum ya bi ta garejojin garin nan, daga wajen Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, ba ya rasa saurayi tsaye gaban bonet da ɗan kwali a hannu, ya yo odar agogon waidban ko gwangwanin tare baƙin mai, yana neman wanda zai ɗaura masa. Ina jin daɗin ganin haka, domin matashin da yake son sanin abin da ke gudana a cikin injinsa ya fi wanda ya iya murza sitiyari kawai. Abin da ke damuna shi ne da yawanku kun sayi kayan nan ne don kun ga agogon yana walƙiya a bidiyon wani, ba ku san aikinsa ba. Wasu kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 suke neman duk abin da aka ce yana rage shan fetur, sai wani ya ce musu ai waidban ce maganin abin.

Ku saurare ni da kyau. Waidban ba ta ƙara wa mota ƙarfi, ba ta kuma rage mata shan mai. Ma'auni ce, kamar abin gwada zafin jiki na asibiti: zai gaya maka akwai zazzaɓi, amma ba shi zai sauke shi ba. Abin da take aunawa shi ne yawan iska da fetur da injin yake ƙonawa. Kafin fetur ya ƙone tas, kowane giram 1 yana buƙatar iska giram 14.7. Tsohuwar sansar (na'urar auna hayaƙi) da ke jikin salansa, irin wadda kamfanin Bosch ya fara sa wa motocin Volvo a 1976, ba ta san komai ba sai cewa an haura wannan lamba ko an gaza ta, tana kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Waidban kuwa, wadda ita ma sansa ce da ake ɗaurawa a salansa tana aika wa agogo, lambar kanta take ba ka, daga wajen 10 har zuwa 20: lamba babba na nufin mai ya yi kaɗan, ƙarama kuma mai ya yi yawa. Ku sani kuma, yawancin Toyota da Honda na shekarun 2000 zuwa sama sun zo da sansa irin waidban daga kamfani, kuma na'urar sikanin da ta dace tana iya karanto ta. Mai motar da ba a taɓa mata komai ba, gida zuwa kasuwa, kasuwa zuwa gida, ya riƙe kuɗinsa. Wanda abin zai amfana shi ne wanda ya sa tabo (na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska), ko ya canza nozil mai fesa fetur, ko aka taɓa masa birenbos, wato kwamfutar mota, ko ya mayar da motarsa ta koma shan gas.

Kafin ka kashe ko sisi a kan agogo, duba lafiyar motar tukuna. Nawa ne a cikinmu bakanike ya cire wa tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, da sunan wai ƙasarmu akwai zafi? Injin da ba ya kai wa zafinsa na aiki, birenbos ɗauka yake har yanzu safiya ce, sai ya yi ta zuba mai. Nawa ne fitilar cek take kunne a motarsu shekara guda, har an manna mata baƙin salatif? Ga filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ga filogin da ya gaji, ga salansa mai yoyo tun ranar da aka yanke indomi (abin tace hayaƙi da ke cikin salansa) aka sayar. Idan akwai huji a gaban sansa, iskar waje za ta riƙa shiga, agogo ya nuna maka mai ya yi kaɗan alhali ƙarya ne, kai kuma ka sa a ƙara. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa.

To, idan motar lafiya take kuma da gaske kana buƙata, ka tsaya a kan mai walda da kanka. Kada a cire sansar kamfani a cusa waidban ɗin da ka saya a gurbinta, domin birenbos ba ya jin yarenta. Sabon huji za a yi, a walda masa mazauni mai zaren M18 x 1.5, a gaban indomi, kimanin santimita 45 daga bakin injin ko daga tabo. Hujin ya kasance a sama ko a kafaɗar bututun, akalla digiri 10 sama da kwance, ta yadda kan sansar zai duƙa ƙasa. Dalili kuwa, da safe ruwa yana taruwa a cikin salansa, kun sha ganin yana ɗiga daga bayan mota. Cikin sansar tangaran ne, kuma sai ya yi zafi sama da digiri 700 yake aiki. Digo ɗaya na ruwan sanyi ya sauka a kansa, ya tsage. Saboda wannan ne ma ba a so ka murza makulli ka bar agogon yana ɗumama ka tsaya hira, sannan daga baya ka tayar da injin. Lokacin walda, a cire kan batir, sansar kuma ta zauna a kwalinta har ƙarfen ya huce, a share ɓurɓushin da abin huji ya bari.

Sai mai rewaya. Ka roƙe shi da girman Allah kada ya yanke soket ɗin sansar ya haɗa waya da waya. A irin su Bosch LSU 4.9, wadda yawancin agogunan AEM da Innovate suke zuwa da ita, akwai ɗan abin saiti a cikin soket ɗin, an gwada shi ne da wannan sansar ita kaɗai. Wutar ta fito daga layin da makulli ke kunnawa, da fiyus ɗinta, ayis ɗin, wato wayar da ake haɗawa da jikin mota, ya kama ƙarfe mai tsabta, wayar kuma a ɗaure ta nesa da salansa. Kada ka taɓa yawo da sansar a ɗaure ba wuta a jikinta, baƙin hayaƙi zai toshe ta. Gam ɗin silikon da ake laftawa a gasket, da injin mai cin baƙin mai, da fetur ɗin galan da ba ka san me aka gauraya masa ba, duk suna gajarta mata kwana. Wadda kuma aka kawo maka a rabin kuɗi ba kwali, ka tuna araha ba ta ado.

Karatun ba wuya. Mota ta ɗumama tana tsaye a silo, ko kana tafiya a hankali, za ka ga lambar tana wasa kusa da 14.7. Ka ɗaga ƙafa daga totur motar na cikin giya, agogo ya haye can ƙarshe, kada hankalinka ya tashi, birenbos ne ya yanke mai. Inda ake kallo da idon basira shi ne lokacin da aka take totur har ƙasa: injin da ba tabo yana son 12.5 zuwa 13, mai tabo kuma 11.5 zuwa 12. Idan ka take ka ga 15 ko sama, ɗaga ƙafarka nan take. Man da ake ƙarawa a wannan lokaci shi ke sanyaya kan fistin. Duk wanda ya ce zai matse maka shi don tattali, a zafin watan Afrilu da rana ke haura digiri 40, da esi a kunne da mutum biyar a mota, fistin ɗinka yake shirin narkarwa.

A nan zan yi muku magana a matsayin yayanku. Wannan gwajin ba na cikin gari ba ne, ba na bayan ɗaurin aure ba ne, ba kuma na mutum ɗaya ba ne. Idonka ba zai iya zama a kan agogo da titi lokaci guda ba. Ka ɗauki abokinka ya riƙe waya yana ɗaukar agogon, kai ka kalli gabanka, da rana, a inda hanya ta miƙe ba gari kusa. Hanyar Daura ɗin da kuke so, akwai masu babur, akwai amalanke, akwai yara masu kora dabbobi suna tsallakawa. Daƙiƙa kaɗan a giya ta 3 sun isa a ga lambar. Ran ɗan mutum ba abin da za a yi gwaji da shi ba ne.

Shi kuma gwangwanin, labarinsa gajere ne. Duk injin da ke aiki, wani hayaƙi yana suɓucewa ta gefen ringi ya sauka cikin ma'ajiyar baƙin mai. Tun farkon shekarun 1960 aka fara mayar da wannan hayaƙi cikin injin ta wani ɗan bawul mai suna PCV don ya ƙone, amma yana tafiya da feshin baƙin mai. A injin da nozil ke fesa fetur a bayan bawul, fetur ɗin yana wanke wurin. A injin da ke fesawa kai tsaye cikin silinda, irin masu tambarin GDI ko TSI, ba mai wankewa, sai dauɗa ta daskare a bayan bawul. Waɗannan da masu tabo su ne gwangwanin ya fi yi wa rana.

Ana saka gwangwanin ne tsakanin PCV da manifol, wato bututun da ke kai iska cikin injin, don ya tare man kafin hayaƙin ya koma. Ka buɗe shi kafin ka biya. Idan fanko ne ba raga ba shinge a ciki, hayaƙin wucewa zai yi da mansa. Tiyon ya zama mai jure mai da zafi, wanda ba ya lanƙwashewa idan injin ya zuƙa. Tiyon ban ruwa ba ya wannan aiki. Kowace mahaɗa a ɗaure ta da kilif, domin iskar da ta saci hanya ta nan ba a lissafa ta ba, silo zai riƙa rawa, mai ya yi kaɗan. Kada kuma ka toshe manifol ka saki tiyon yana huci a cikin bonet, warin cikin mota zai dawo, iyalinka su shaƙa.

Babban laifin da na fi gani shi ne a ɗaura a manta. Gwangwanin da ya cika, ko dai injin ya zuƙe abin da ke ciki gaba ɗaya, ko hanya ta toshe, matsi ya taru ya turo sandar gwada mai, sil ya fara yoyo. A makonnin farko ka riƙa kwance shi duk mako har ka gane saurin cikarsa. Abin da za ka tarar baƙin ruwa ne mai kauri da warin fetur, lokacin hunturu kuma yakan yi fari-fari saboda ruwan da ya haɗu da shi. Kada ka mayar da shi cikin injin, kada ka tuttular a kwata. Juye a jarkar tsohon baƙin mai ta gareji. Idan kuwa ka ga yana cika cikin 'yan kwanaki, kada ka je neman gwangwanin da ya fi girma. Kai motar a gwada matsin kowace silinda, a duba ringi da PCV ɗin kansa.