Wai ƙarar me ke tashi a sararin samaniya?

Masu shirya finafinan sararin samaniya na talabijin, ku ji tsoron Allah! Kumbo ya tarwatse inda babu iska, amma ƙara ta cika falo kamar tayar tirela ta fashe. Wace iskar ce ta ɗauko sautin? Mutum yana duniyar Mars, matarsa tana nan, suna hira tiryan-tiryan, alhali saƙon rediyo sai ya yi minti 3 zuwa 22 a hanya! 'Yan sama-jannatin gaske, wata 6 kacal a tashar ISS ta ƙasa da ƙasa da ke kewaya duniya a sararin samaniya, tallabo su ake yi idan sun sauko. Naku ya shekara goma, ya diro da gudu. Kowace duniya suka sauka akwai iskar shaƙa, halittun can kuma suna zuba Turanci, wa ya koya musu?